Rituximab: me ya haɗa mai lufus da maganin sankara?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah likitocin da ke cikinmu ku fitar da ni daga duhu. Ƙanwata ce ke fama da lufus, ciwon nan da garkuwar jiki ke juyowa ta yaƙi mai ita, shekara uku ke nan, tun bayan haihuwarta ta fari. Tana kan hydroxychloroquine da prednisolone, bara aka ƙara mata mycophenolate, duk da haka abin ya sauka a ƙoda. Ƙafafu sun kumbura, fitsari sai kumfa. Likitanta ya ce zai sa mata rituximab ta ƙarin ruwa. Mijinta ya je neman maganin, mai shagon ya dube shi ya ce Allah ya ba ta lafiya, ai wannan na masu kansa ne. Daren jiya ba wanda ya runtsa a gidanmu. Hajiyarmu ta kafe cewa ɓoye mana ake yi. Don girman Allah, kansa ce da ita aka ƙi faɗa mana?

Anti Nas: Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinki ƙanwata. Ni da hannuna na ɗaura wa masu ciwon gaɓɓai da masu ciwon ƙoda wannan ruwan, ba ɗaya ba, ba biyu ba, kuma ba mai kansa a cikinsu. Mai shagon ya yi suɓul da baka ne, rabin zancen ya sani.

Abban Sultan: Allah ya ba ta lafiya, ya sa kaffara ne.

Dakta Sadiq: Maman Ilham, ban ga takardunta ba, don haka ba zan yi wa likitanta shisshigi ba. Amma rubuta rituximab shi kaɗai ba ya nufin sankara. Bari ki ji abin da ya haɗa su.

A cikin fararen ƙwayoyin jini akwai wani jinsi da ake kira ƙwayoyin B. A ɓargo ake haifarsu, daga nan su bazu cikin jini da saifa da 'yan ƙulle-ƙullen nan na wuya da hammata da matsematsi, inda kaluluwa ke fitowa. Sana'arsu ƙira ce. Kowace ɗaya makami iri ɗaya tak take ƙerawa, wanda ya dace da abokin gaba ɗaya, shi ne muke kira antibodi. Yaron da ƙyanda ta kama sau ɗaya ba ta sake kama shi ba, da wanda aka yi wa rigakafi ya tsira, duk albarkacin waɗannan maƙeran ne.

Hanya biyu suke lalacewa. Ko dai ƙwaya ɗaya ta samu tangarɗa ta yi ta hayayyafa ba ƙaƙƙautawa, wannan ita ce sankara, kuma yawancin limfoma, wato sankarar kaluluwa, da wasu nau'o'in sankarar jini daga nan suke tasowa. Ko kuma yawansu na nan daidai, amma sun daina bambance ɗan gida da baƙo, suna ƙera makamin da ke sukar jikin da ya raine su. A lufus makaman nan kan manne wa abin da ke cikin ƙwayoyin jikin mutum, su dunƙule, su je su maƙale a matatar ƙoda. Sai kumburi ya tashi, furotin ya riƙa zuba cikin fitsari. Kumfar da kike gani ke nan.

Shi rituximab ba ruwansa da irin laifin da ƙwayar ta yi. Wata alama yake nema a jikinta mai suna CD20, ya manne, sauran dakarun jiki su zo su gama da ita. Da mai limfoma da mai lufus, duk ƙwayoyin B ɗinsu na ɗauke da wannan alamar. A 1997 Amurka ta fara amincewa da shi saboda limfoma, sai a 2006 aka ƙara da amosanin gaɓɓai. Sunan farkon ne ya bi shi har shagon da mijinta ya je.

Maman Ilham: Alhamdulillah, wallahi sai yanzu na ji numfashina ya dawo. Amma Dakta, in ya kashe su duka, ba ta zauna ba garkuwa ke nan ba? Kamar mai ƙanjamau?

Dakta Sadiq: A'a, bai kai can ba. Ki ɗauki CD20 kamar kayan makaranta. Jaririn da ke cikin ɓargo bai fara sawa ba tukuna. Wanda ya gama karatu ya zama cikakken maƙeri, wato ƙwayar filasma, ya riga ya tuɓe. Maganin na tsakiya yake kwashewa, masu kayan makaranta a jikinsu. Tsofaffin maƙeran suna nan suna ci gaba da fitar da makaman rigakafin da aka yi mata tun tana yarinya, jariran kuma za su taso su cike gurbi, galibi daga wata shida zuwa shekara. Ƙanjamau ƙwayoyin T take cinyewa, su ma fararen ƙwayoyin jini ne amma wani gida ne daban. Sai dai ban ce ba haɗari ba, zan dawo kan wannan in na fito daga ɗakin marasa lafiya.

Bashir ɗalibi: Ƙarin bayani ga masu sha'awa, an kira su B ne saboda kalmar ƙashi a Turanci da B take farawa, tunda a ɓargon ƙashi ake yin su.

Malam Garba likitan dabbobi: Ɗana Bashir, wa ya koya maka wannan? Dacewa ce kawai aka yi. B ɗin nan tamu ce, ta kaji. Akwai wata 'yar jaka a saman duburar kaza mai suna bursa, a nan tsuntsaye ke rainon waɗannan ƙwayoyin. A jami'ar jihar Ohayo wani ɗalibi, Bruce Glick, yana cire wa 'yan tsaki jakar don ya gano amfaninta. Abokinsa Timothy Chang ya ari wasu kajin zai nuna wa aji yadda jiki ke yin antibodi, sai kajin suka ba shi kunya, suka ƙi yi. Da aka duba, ashe waɗanda aka cire wa jakar ne. A 1956 suka wallafa, a mujallar masu ilimin kiwon kaji, inda likitocin mutane ba su cika leƙawa ba. Sai a 1965 Max Cooper da abokan aikinsa suka tabbatar, da kaji dai, cewa garkuwa gida biyu ce, B da T.

Duk mai kiwon kaji a cikinku ya san Gumboro. Wannan jakar take cinyewa. Shi ya sa kajin da suka tsallake Gumboro, ko ka yi musu rigakafin wata cutar ba ya kamawa yadda ya kamata.

Bashir ɗalibi: Na karɓi gyara Baba. Gobe a aji sai na yi wa wani irin abin da ka yi mini.

Alhaji Mai Sa'a: Jama'a a daina wahalar da baiwar Allah da ruwan Bature. Muna da haɗi na musamman mai ƙara garkuwar jiki, kwana bakwai an gama. A yi mini magana ta akwati.

Shugabar zaure: Alhaji, wannan shi ne karo na biyu. Dokar zauren nan ta hana talla. Na uku fita ce.

Dakta Maryam: Ko ba don doka ba, Alhaji ka karanta abin da aka rubuta a sama kuwa? Garkuwar yarinyar nan ba rauni ta yi ba, ita ce ma ke cin ta. In da gaske haɗinka na ƙara garkuwa, to fetur ka zo da shi wurin gobara. Ƙodar da ke ciwo kuma ba ta son a ɗura mata abin da ba a san me ke ciki ba.

Sadiq ya yi bayani mai kyau, amma ni da nake ganin masu lufus kullum akwai abin da ba zan haɗiye ba. An yi manyan gwaje-gwaje biyu na rituximab a kan lufus. EXPLORER mai mutum 257, da LUNAR mai mutum 144 waɗanda abin ya taɓa musu ƙoda. Duka biyun ba su cimma abin da aka sa a gaba ba. Shi ya sa hukumar magunguna ta Amurka ba ta sa lufus cikin cututtukan da ta amince a yi amfani da shi a kansu ba. Muna bayarwa, ni ma ina bayarwa, amma sai in magungunan farko sun gaza.

Abban Sultan: Tsaya Dakta. An gwada bai yi ba, kuma kuna bayarwa? Gwaji ake yi da 'yar mutane ke nan, kuma da kuɗin mijinta.

Dakta Maryam: Tambayarka a kan hanya take, Abban Sultan, ba zan ji haushi ba. A gwaje-gwajen nan, da wanda aka ba rituximab da wanda aka ba ruwan banza, kowa na shan sitiroyid mai yawa da wasu magungunan masu ƙarfi. In ka riga ka cika tulu, da wuya ka gane amfanin moɗa ɗaya da ka ƙara. Marasa lafiyar da muka fi ba shi kuwa, waɗanda komai ya gaza a kansu, ba su ne aka fi ɗauka a gwajin ba. Rahotannin asibitoci daga ƙasashe da dama sun nuna irin waɗannan suna samun sauƙi, shi ya sa ƙungiyoyin likitocin gaɓɓai da na ƙoda suka bar shi cikin jagororinsu a matsayin abin da ake komawa gare shi. Hujjar ba ta kai ƙarfin ta limfoma ba, kuma ya kamata iyali su san haka kafin su sayar da fili.

Dakta Sadiq: Na dawo. Maryam, ban musa ba, amma ina ganin kin tsaya a rabin hanya. Matsalar ba a dabarar take ba, a zurfin sharar take. Rituximab na share jini tas, ka auna ka ga ba ƙwayar B ko ɗaya, alhali suna nan laɓe a cikin kaluluwa da ƙodar kanta. Wani maganin mai suna obinutuzumab CD20 ɗin nan dai yake bi, amma ya fi shi iya kisa. A gwajin REGENCY da aka wallafa a 2025, kusan kashi 46 cikin ɗari na masu lufus ɗin ƙoda sun samu cikakken sauƙi, waɗanda ba a ba su ba kashi 33. Ga belimumab da aka amince da shi a 2011, sabon maganin lufus na farko cikin shekara hamsin da ɗoriya, shi kuma abincin ƙwayoyin B yake tarewa. Duk hanyoyin gida ɗaya suke nufa.

Dakta Maryam: 46 da 33, Sadiq. Wato fiye da rabi ba su samu cikakken sauƙin ba ko da sabon. Ku masu jini kun saba da ƙari ya narke a gabanku, shi ya sa bakinku ke da zaƙi. Lufus ba ta da wannan kunyar.

Dakta Sadiq: Na ji, Yaya. Ai shi ya sa na gudu daga ɓangarenku.

Nura mai kemis: Tunda an taɓa mutanenmu a farkon zance bari in wanke mu. Maman Ilham, abu uku mijinta zai kula da su. Maganin nan furotin ne, a firji yake zama tsakanin digiri 2 zuwa 8, ba a daskarar da shi, ba a barinsa a rana. In aka miƙo masa daga kan kanta, ya juya ya tafi. Ya tafi da kula da ƙanƙara, a naɗe kwalbar kada ta taɓa ƙanƙarar kai tsaye. Sannan ya duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, ya karɓi rasit. Na uku, kada ya tsorata in an ba shi mai wani suna. Akwai makamantansa da wasu kamfanoni ke yi, Indiya ta fitar da nata tun 2007, Turai ta amince da Truxima na Koriya ta Kudu a 2017, kuma sun fi sauƙin kuɗi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa rituximab cikin jerin magungunan da bai kamata ƙasa ta rasa ba tun 2015. Ya tambayi likitan wanne ya yarda da shi, ya saya a inda asibitin ya sani.

Dakta Sadiq: Yanzu ga abin da na ce zan dawo kansa, kuma in za ki manta da duk surutunmu, Maman Ilham, kada ki manta da wannan. An yi mata gwajin ciwon hanta nau'in B?

Maman Ilham: An yi lokacin aurenta, aka ce ba ta da shi.

Dakta Sadiq: Wannan na aure kusan kullum HBsAg ne kaɗai, wanda ke nuna ko cutar na yawo a jini yanzu. Bai isa ba a nan. Akwai na biyu, anti-HBc, wanda ke nuna ko cutar ta taɓa shiga jiki. Mutum na iya kamuwa tun yana yaro, jikinsa ya danne ta, gwajin farko ya fito fes, amma ƙwayar cutar na kwance a cikin hanta. Garkuwa ce ke zaune a kanta. Ranar da aka kwashe ƙwayoyin B sai ta miƙe, wani lokaci watanni bayan an gama maganin, lokacin da kowa ya saki jiki. A 2013 hukumar magunguna ta Amurka ta sa wannan a gargaɗi mafi girma da ke jikin takardar maganin. Can ke nan, inda masu ɗauke da cutar ba su da yawa. Mu nan binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan kashi 8 cikin ɗari na manya na ɗauke da ita, waɗanda ta taɓa shiga jikinsu ta kwanta kuwa sun ninka haka.

Maganin abin ba wuya. In ɗaya daga cikin gwajin ya nuna, a fara entecavir ko tenofovir kafin ƙarin ruwan, a ci gaba har aƙalla shekara guda bayan na ƙarshe. Da yake ƙodarta na ciwo, likitan zai zaɓi wanda ya fi dacewa ya daidaita adadin.

Anti Nas: Wallahi Dakta ka tuna mini wani bawan Allah a wani asibiti da na taɓa aiki. Limfoma ce da shi, wuya kamar an cusa ƙwai. Aka yi masa zagaye shida, ƙullutai suka narke, har ya kawo mana goro da alewa. Bayan wata huɗu aka dawo da shi ido ya yi rawaya kamar an zuba kurkur, ciki ya kumbura, bai san inda yake ba. Da aka koma fayil, ba inda aka rubuta gwaji na biyun. Bai yi sati biyu ba. Har yau in na ga an rubuta maganin nan sai na buɗe fayil na duba da idona, ko likita zai ji haushi ya ji.

Abban Sultan: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙansa.

Dakta Maryam: A nan ba ni da ja da Sadiq ko kaɗan. In ƙara biyu. Rigakafi: duk wanda take buƙata a yi shi kamar mako huɗu kafin a fara, in ciwon ya ba da dama, don bayan an fara ba ya kamawa sosai, kamar kajin Malam Garba. An ga haka ƙarara lokacin korona. Rigakafi mai rai kuwa, irin na shawara da ake nema wurin tafiya Makka, ba a yi mata shi tana kan maganin. Sai maganar ciki. Mycophenolate da take sha na jawo ɓari da nakasa ga jariri, rituximab ma ana so a jinkirta ɗaukar ciki shekara guda bayansa. Wannan zance ne da za a zauna da mijin a yi shi a fili, kada kunya ta hana. Kuma kada ta ajiye hydroxychloroquine don an kawo babban magani.

Malam Idi Ɗanbirni: Ni ba likita ba ne, tsohon malamin firamare ne. Sunan limfoma da kuke ta kira ne ya tsaya mini. A ƙauyen da na fara koyarwa akwai yaron da muƙamuƙinsa ya kumbura cikin 'yan makonni har haƙora suka saki. Aka ce iska ce. Shin dangin wannan ne?

Dakta Sadiq: Malam, ranka ya daɗe, yadda ka siffanta ya yi kama da limfomar Burkitt, kuma ita ma ta ƙwayoyin B ce. Denis Burkitt, likitan fiɗa a Kampala, shi ya bayyana ta a 1958, ya kuma lura tana bin yankunan da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu. A cikin ƙwayoyinta aka gano ƙwayar cutar Epstein-Barr a 1964. Maleriya na ta zuga ƙwayoyin B su hayayyafa, ita ma ƙwayar cutar na zuga su, a cikin gaggawar sai wani yanki na ƙwayoyin halitta mai suna MYC ya ɓalle daga mazauninsa ya koma kusa da inda ake ba da umarnin ƙera antibodi, wurin da ba ya hutawa. Tana cikin sankarar da ta fi kowace saurin girma, amma tana jin magani. Farfesa Victor Ngu, ɗan Kamaru, ya yi aiki a kanta a Ibadan har ya samu lambar Lasker a 1972.

Abin da ke ci mini rai shi ne wannan. A 1963 aka ɗebi ƙwayoyin wannan sankarar daga jikin wani yaro ɗan Najeriya mai shekara 11, aka raine su a kwalba. Har yau suna raye a ɗakunan bincike na duniya da sunan Raji, kuma suna cikin waɗanda ake gwada magungunan CD20 a kansu. A ƙasashen da ake haɗa rituximab da sauran magunguna, yara fiye da 90 cikin ɗari masu irin wannan limfomar na tsira. Je ka ɗakin yaranmu ka ƙirga nawa ne ke samun kwalba ɗaya.

Malam Idi Ɗanbirni: Allah sarki. Shekara arba'in ina ɗauke da fuskar yaron nan, yau na ji sunan abin da ya kashe shi.

Bashir ɗalibi: Manya, ba wanda ya ambaci CAR-T. Na karanta cewa a Jamus an warkar da lufus gaba ɗaya da shi. Ba gara a nema wa ƙanwar Maman Ilham wannan ba, a huta?

Dakta Maryam: Na san sai ka kawo shi. Labarin gaskiya ne, kalmar warkarwa ce taka. Ana ɗibar ƙwayoyin T na mutum, a gyara su a ɗakin bincike su riƙa farautar wata alama mai suna CD19, a mayar masa. Su rayayyu ne, suna kutsawa har inda rituximab ba ya kaiwa. Don sankara aka ƙirƙiro shi. Emily Whitehead, 'yar shekara shida mai sankarar jini, ita ce yarinya ta farko da aka yi wa a Filadelfiya a 2012, ta kusa mutuwa saboda zazzaɓin da ya biyo baya, ta tashi, tana nan har yau. A 2017 aka amince da maganin CAR-T mai suna Kymriah a kan dala 475,000.

A Erlangen, Georg Schett da Andreas Mackensen suka gwada wa wata 'yar shekara 20 mai lufus da ta ƙi jin komai, a 2021. Zuwa 2024 sun ba da rahoton mutum 15, takwas masu lufus, sauran masu wasu cututtukan garkuwa biyu, kuma duk sun ajiye magungunan danne garkuwa. Abin da ya fi ba ni mamaki, ƙwayoyin B sun dawo bayan 'yan watanni, amma sababbin ba su gaji rikicin tsofaffin ba. Ni kaina da na karanta sai da tsigar jikina ta tashi.

To amma mutum 15 ne, ba a kwatanta su da kowa ba, kuma an bi su na ɗan lokaci. Kafin a sa ƙwayoyin sai an yi wa mutum kemo, sannan sai da ɗakin kulawa mai zurfi a kusa. A farkon 2024 Amurka ta sa a ƙara gargaɗin cewa su kansu ƙwayoyin T ɗin na iya rikiɗewa su zama sankara, ko da yake ba kasafai ba.

Nura mai kemis: Dala 475,000. Bashir, buga a naira ka turo mana, in wayarka za ta ɗauki sifilin.

Dakta Sadiq: Kada ku yi masa dariya da yawa. Indiya ta ƙera nata, NexCAR19, haɗin gwiwar cibiyar fasaha ta Bombay da asibitin sankara na Tata, aka amince da shi a 2023, a kan kusan kashi ɗaya cikin goma na farashin Amurka. Rituximab ɗin da muke magana a kai ma da haka ya fara, abin masu hannu da shuni. Ni ina sa ran Bashir zai ga CAR-T a ƙasar nan kafin ya yi ritaya.

Dakta Maryam: Allah ya sa. Ni dai a fara sama mini anti-HBc a kowane asibitin jiha, da firjin da ba ya mutuwa in an ɗauke wuta.

Abban Sultan: Ku biyun nan ko a gidan biki kuka haɗu sai kun yi musu.

Maman Ilham: Assalamu alaikum, na dawo bayan kwana tara, ku yi haƙuri da shiruna. Mun kai wa likitanta maganar gwaji na biyu, ashe ya riga ya rubuta, mijin ne ya ga na aure na nan ya ce a rage kashe kuɗi. Aka yi. Na farkon babu, na biyun ya nuna. Wallahi da na ga takardar sai labarin Anti Nas ya faɗo mini, ƙafafuna suka ɗauki rawa. An fara mata entecavir, aka kuma ce mu ma 'yan ɗakinsu mu je a duba mu. Shekaranjiya aka ɗaura ruwan farko. An ba ta farasitamol da wasu allurai kafin a fara, aka sa shi yana ɗiga a hankali, tun hantsi har bayan la'asar. Wajen awa ɗaya da farawa ta ce maƙogwaronta na ƙaiƙayi, sanyi ya rufe ta, suka tsayar na ɗan lokaci sannan suka ci gaba. Na biyu nan da mako biyu. Kumburin ƙafar dai na nan, Hajiya sai tambaya take ina aikin maganin mai tsadar.

Anti Nas: Na farko ne mai wannan rigimar, na biyu yakan zo da sauƙi kuma ya fi sauri. In ta yi zazzaɓi a gida kada a tsaya sayen maganin maleriya a kemis, a kai ta a auna.

Dakta Maryam: Ki gaya wa Hajiya ba a makonni ake auna shi ba, a watanni ne. Furotin ɗin fitsari za a riƙa bi, shi zai fara faɗa mana gaskiya kafin ƙafa. Ta rage gishiri, kuma kada ta rage prednisolone da kanta don ta ga fuska ta cika.

Maman Ilham: To Dakta, zan faɗa mata. Ni ma gobe zan je nawa gwajin. Malam Garba, Hajiya ta ji labarin kajinka, ta ce in tambaye ka nata 'yan tsakin guda talatin, kwana nawa ake yi musu na Gumboro?

Malam Garba likitan dabbobi: Ki gaishe ta. Wajen kwana goma zuwa sha huɗu na farko, a ruwan sha, a maimaita bayan mako ɗaya zuwa biyu. Kada ta yi amfani da ruwan famfo mai kulorin, kuma ta ɗauke musu ruwa kamar awa biyu kafin nan don su sha da ƙishi. Na gida ne ko na gona?

Maman Ilham: Na gona ne, farare. Jiya suka cika kwana takwas.